Gashin Mangwaron Goggo 'Yar Gummi

Ni ba tsohuwa ba ce, kada wani ya ga ina tuna baya ya zaci furfura gare ni. Ko talatin ban kai ba. Amma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na tsakanin Anka da Bukkuyum ya san mutum ba ya bukatar shekaru kafin duniyar da ya sani ta ɓace masa. Garin da aka haife ni yau ciyawa ce a ƙofar masallacinsa, mu kuma muna nan cikin Anka a gidan haya, kowa da kwaɗo a ƙofarsa. Abin da ya tayar mini da zancen nan ɗan ƙarami ne. Kwanakin baya, ana tsakiyar zafin bazara, ƙanwata ta miƙo mini waya wai in ga abin da wata Baturiya take gasawa. Wani ɗan itace ne irin nasu, ja-ja rawaya-rawaya, bai kai mangwaro girma ba. Ta yayyanka shi ta barbaɗa suga, ta yaɓa ƙullu a kai, ta tura cikin na'urar gashi. Ƙanwata sai mamaki take, wai mutanen nan ba abin da ba su iya ba. Na ce ta rufe mini baki, ta ci wanda ya fi wannan tun tana tafiya tana faɗuwa. Ta ce ƙarya nake yi. To ba ƙarya nake yi ba, kuma tunda ita da aka yi abin da bakinta ba ta sani ba, gara in rubuta.

A ƙauyenmu turmi ke tashin mutum da safe, ba ƙararrawar waya ba. Kafin rana ta fito za ka ji gidan nan ya fara, na can ya amsa, har unguwa ta ɗauka gaba ɗaya, kuma ko idonka a rufe ka san hannun wa ke kan taɓarya. Ga mai saurin fushi, ga mai tsohon ciki da ke hutawa tsakanin bugu da bugu, ga 'yan mata biyu suna lugude suna tafi don samari su ji. Bayan turmi sai matan Fulani da ƙwaryar nono, sai jakuna masu zuwa rafi, sai guga tana karo da bakin rijiya. Aikina shi ne tankaɗe da korar kaji daga shanya, kuma duka biyun na tsane su. Yau da injin niƙa yake kan kowane layi, kunnena ne ke neman abin da hannuna ya ƙi. Sannan akwai kwano. Ba a girka abu mai daɗi a gida a cinye shi a gida. Sai an zuba a kwano an miƙa ta kan katanga, su ma ran da suka yi nasu su miƙo. Ba a tambayar me aka sa a ciki, ba a tambayar wa ya dafa. Ƙin cin abin da maƙwabci ya aiko kuwa ya fi ka tsaya ƙofar gidansa ka zage shi. A nan Anka mun daɗe muna katanga ɗaya da mutane, ban san ɗanɗanon miyarsu ba, su ma ba su san tawa ba. Kuma gaskiya ko sun aiko sai na juya ta da cokali na duba ƙasanta kafin in kai baki.

Wannan hali gadonsa na yi. Innarmu mace ce da ba ta yarda da abu don kawai an ce mata haka yake. In Bafulatana ta sauke ƙwarya, sai Inna ta ɗibi nonon da ludayi ta ɗaga sama ta zubo shi a hankali ta ga ko an sirka da ruwa. In Baba ya sayo nama sai ta tambayi wa ya yanka. In mai talla ta cika fara'a, Inna ta ce akwai abin da take rufewa da haƙoran nan. Kullum maganarta ita ce duk abin da zai shiga cikin ɗanta sai ya fara bi ta gaban hancinta. Baba yana cewa da Inna ce ke tsaron ƙofar gari, ko Sarki sai ya juye aljihunsa. Mutum ɗaya ce kawai kwanonta ke shigowa gidanmu a buɗe a ci ba bincike, ita ce tsohuwar da ke bayan katangarmu.

Kowa Goggo yake ce mata, ko da yake ba goggon kowa ba ce a garin. Aure ne ya kawo ta daga Gummi tun kafin a haifi Inna, shi ya sa in za a bambanta ta da sauran goggonni sai a ce Goggo 'Yar Gummi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu har ya yi wayo, danginta suna can bakin gulbi ba mai zuwa sai an yi rasuwa. Ita kaɗai ce a gidan, sai akuyarta da wata danga ta kara da ta karkace ba mai gyara mata. Tana da ƙananan idanu masu ja saboda hayaƙi, tana magana ita kaɗai in tana shara, kuma tana son yara fiye da yadda ya kamata ga wadda ba ta da nata. Duk waɗannan ba wanda ya ɗauke su a bakin komai sai da aka bukace su. Ni ƙawata take ce mini, tana tsokanata wai bakina ya fi ƙafata sauri, ba mai aurena sai kurma.

Mijin nata a samartakarsa kuku ne a wurin wasu Turawa masu aikin madatsar ruwa, a can ya koyo wani gashi da suke yi da 'ya'yan itacen gwangwani. Ita kuma ta mayar da shi na mangwaro. Ba shi da wani suna, gashin Goggo kawai muke ce masa, kuma ba ta yinsa sai da bazara, lokacin da mangwaro ke faɗowa da kansa, zafi ya hana kowa sha'awar tuwo. Ba ta son mai zare. Sai ta zaɓi mai tsoka wanda ya nuna bai luguiguice ba, ta fere, ta yanyanka a kwanon samira, ta marmashe mazarƙwaila a kai, ta sa citta da kanumfari da ta daka, ta matsa lemon tsami kaɗan. Sai ta ɗauko garin alkama ta murtsuka shi da man shanu da yatsunta har ya koma kamar tsaki, ta zuba kindirmo da ɗan ruwan kanwa ta kwaɓa sama-sama. Ba ta lailaye shi. Gutsi-gutsi take yaɓa shi a kan mangwaron, ta bar ƙofofi, wai don ruwan ya samu inda zai leƙo. Tuni ta zuba yashin rafi a gindin babbar tukunya ya yi zafi. Ta ɗora kwanon a kan yashin, ta rufe da faranti na ƙarfe, ta kwaso garwashi ta zuba a kan farantin, wuta sama wuta ƙasa. Daga nan sai jira, ni kuma jira ba halina ba ne. Ina kai hannu zan ɗaga farantin sai ta buge shi da muciya. Ƙamshin ne ke fara fita, ya tsallake danga ya bi unguwa gida-gida, yara su bar wasa su zo su jeru. In ta buɗe, saman ya yi ja ya tsattsage, ruwan mangwaro yana tafasa ta tsagar kamar zuma. Sai ya huce take rabawa, ta zuba nono mai sanyi a kai. Kowane gida a unguwar da kwanonsa, ba ta taɓa karɓar komai a kai ba.

Sai zinari ya zo. Ba zinari irin na kunnen amarya ba, dutse ne a buhu. Maza suka bar gona suka shiga ramuka, suna dawowa fari fat da ƙura kamar an tono su. Ana farfasa dutsen da guduma a tsakar gida, mata suna daka shi a turmin da suke dakan gero, yara suna wasa a kan tarin garin. Injin niƙan garinmu, wanda ke gidan wani Alhaji a bakin kasuwa, da safe ya niƙa dawa, da rana ya niƙa dutse. Sautin safiya ya canja. Turmi yana dakan hatsi da taushi yake amsawa, amma in dutse ne a ciki wani ƙara yake yi mai shiga haƙori. Babura sababbi suka cika gari, kwanon rufi ya fara ƙyalli a kan ɗakunan da suka saba da ciyawa. Yau ko yaron firamare ka tambaya zai ce maka gubar dalma ce ke cikin ƙurar dutsen nan, ita ta kashe yara a Dareta da Yargalma da Sunke da ƙauyukanmu. A lokacin ba wanda ya sani. Abin da muka sani kawai shi ne yaro zai daina wasa, ya yi amai, ya sandare, idonsa ya juye, kafin a gama tofi ya tafi. Kuma ƙanana ne, masu rarrafe da masu tatata.

Aka zargi komai. Aka ce sanƙarau ne. Aka ce iskar ramuka ce aka tono ta biyo maza gida. Aka yashe rijiya, aka yi sadakar waina, aka sha rubutu har cikin yara ya kumbura. Mata suka daina kallon juna ido cikin ido a bakin rijiya, in wata ta yaba ɗan wata sai uwar ta janye shi bayan zanenta. Inna kuwa ba ta san wata dalma ba, ita dai ta tauna tuwo wata rana ta ji ƙasa-ƙasa a haƙorinta, ta tofar, ta ce daga yau hatsinta ba ya sake zuwa injin nan. Ta hana Baba shigo da buhun dutse ko zaure. Ta daina ba da aron turmi, ta shigar da shi ɗakinta ta kifa. Baba ya yi faɗa, ya ce ta mayar da shi abin dariya, kowa na samu shi matarsa ta ce ƙura na damunta. Ta ce ya je ya samu a waje, ya kuma wanke jikinsa a rafi kafin ya ɗauki 'yarta. Ni ce na sha wahalar wannan hukunci, don dakan da inji ke yi ya dawo kafaɗata da tata.

Goggo ba ta da ƙarfin daka. Alkamarta inji take kaiwa. Da bazarar shekarar ta zo, ta yi gashinta kamar kullum, ta raba, namu kwanon ya tsallako katanga da ɗuminsa. Muna murna Inna ta karɓe shi. Ta gutsuri saman ta murza tsakanin yatsu, ta sa a haƙori, ta ji ƙasa-ƙasan nan. Sannan ta zagaya bayan madafa ta tona rami ta juye shi duka ta rufe. Na yi kuka na ce zan faɗa wa Goggo, ta ce in na faɗa sai ta cire mini harshe. Ta wanke kwanon ta zuba gyaɗa ta mayar, har da cewa an gode ya yi daɗi. Ta zaci ba wanda ya gani. Ta manta matar gidan da ke ɗaya gefen namu tana shanya a kan rufin rumbu.

Kafin kwana biyu magana ta gama unguwa. Ba a ce Inna na ƙyamar garin inji ba, wa zai kawo wannan a ransa? Cewa aka yi maƙwabciyar Goggo ta kusa, wadda ta fi kowa saninta, binne abincinta take yi. To me ta gani? Daga nan aka fara tuno abubuwa. Aka tuno idonta ja ne. Aka tuno tana magana ita kaɗai. Aka tuno nata 'ya'yan ma ba wanda ya rayu, kuma ba a san asalin uwarta a Gummi ba. Aka lissafa yaran da suka rasu aka ga duk sun taɓa cin gashinta, ba wanda ya tsaya ya ce ai mu da muke raye ma mun ci. Ba a faɗin kalmar da ƙarfi, a kunne ake raɗa ta: mayya. Yara suka daina bin ƙofarta. Ta aiko a ɗebo mata wuta a wani gida aka ce wutar ta mutu, alhali hayaƙi na tashi.

Ana cikin haka jikan Hajiya, uwar Alhaji mai inji, ya kwanta. Yaro ne da ya fara magana sosai, kuma duk cikin masu jeruwa a ƙofar Goggo ba wanda ya kai shi kwaɗayin gashin nan. Cikin zafin ciwo, idonsa a rufe, ya yi ta kiran Goggo, Goggo. A wurinmu in mara lafiya ya kira sunan wani a wannan hali, an ce wanda ya kama masa kurwa ne yake gani. Maganinsa kuma ɗaya ne: a kawo mutumin a gaban jama'a ya tsallake mara lafiyan, don ya sake shi. Wanda bai san abin ba zai ce to mene ne, ta tsallaka mana a huta. Ba haka ba ne. Ranar da ƙafarki ta tsallake yaron nan kin amsa laifin. In ya warke, an ce kin sake shi. In ya mutu, an ce kin riga kin cinye. Ba mai sake cin abincinki, ba mai gaishe ki, ba mai zama kusa da ke a gidan suna, kuma ranar da kika mutu sai an roƙi mata kafin a samu mai yi miki wanka. Mai dangi tana iya tattara kayanta ta koma gida. Goggo gidan wa za ta koma? Aka tsayar cewa bayan la'asar tsofaffin mata za su je su taho da ita.

A bakin rijiya Inna ta ji, da hantsi, kuma a nan ta ji cewa ramin da ta tona ne ya zama hujja. Ta dawo ba ta ko cika tulun ba. Ta fito da turminta, ta kwance alkamar da ta ɓoye don alkakin salla, muka hau daka. Dakan alkama ba wasa ba ne, hannuna ya yi ruwa ban isa in ce uffan ba saboda yadda fuskarta take. Ta tankaɗe da kanta har sau biyu. Ta sa na hau bishiyarmu na tsinko mangwaro, ta ce kada in ɗauki ko ɗaya da ya taɓa ƙasa. Ta wanke su. Ta ɗauko man shanunta da mazarƙwailarta, ta ɗebi ruwa a randarmu, ta ɗauki tukunyarta da kwanonta da farantinta. Hatta yashi ba ta yarda da na unguwa ba, sai da ta tura ni rafi can sama da inda maza ke wanke garin dutse. Baba ya shigo ya ga kaya jere, ya gane inda aka dosa. Ya ce kada ta sa mu cikin abin da ba ruwanmu, gidan Alhaji ba abokan faɗanmu ba ne. Ta ce ruwanta ne tsundum, ita ta tona ramin. Ta goya ƙanwata, wadda lokacin aka yaye ta ba da daɗewa ba, ta yafa mayafi. Ba ta miƙa kayan ta kan katanga ba. Ta ƙofar gida muka fita, muka bi ta gaban mazan da ke zaune a gindin darbejiya, ni da tukunya a ka, kowa yana kallo.

Mun tarar da Goggo zaune a ƙofar ɗakinta, ta yi wanka ta sa zanenta mai kyau, hannuwanta a kan cinya. Ashe ta ji. Inna ta gaishe ta kamar ba komai, ta ce yara ne suka dame ta da kwaɗayin gashi, ta taimaka ta yi mana. Goggo ta bi kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe a kan ƙullin yashin. Ta tashi ta wanke hannu, ta jawo wuƙa ta fara fere mangwaro. Inna ta zauna a tabarma a tsakar gida, daidai inda dangar ta karkace ake hango ciki daga hanya, ba ta taɓa komai ba. Ni na hura wuta. Ƙamshin ya tashi ya bi unguwa kamar kowace shekara, sai dai wannan karon ba yaron da ya zo. Ina ganin kawunansu daga nesa, iyaye na fizge su.

Ana sallame la'asar suka shigo, Hajiya a gaba, idonta ya kumbura da kuka, bayanta ungozomar garin da wasu tsofaffi, maza kuma suka tsaya a waje. Ban ga mugunta a fuskar Hajiya ba, tsoro na gani, kuma har yau ban iya jin haushinta yadda nake so. Sun tarar an sauke gashin ya huce. Hajiya ta ce wa Goggo ta tashi ta san abin da ya kawo su. Inna ta ce su yi haƙuri su ɗan jira, 'yarta ba ta ci ba tukuna. Ta kwance ƙanwata daga baya ta ɗora ta a cinyar Goggo.

"Ki ba ta da hannunki, Goggo. Ni hannuna da ciwo."

Goggo ta gutsuro da yatsu uku ta hura, ta kai bakin yarinyar. Ƙanwata ta cinye ta buɗe baki tana neman ƙari, ruwan mangwaro yana bin haɓarta. Wata daga cikin tsofaffin ta yi salati a hankali.

Hajiya ta ce, "Ke ɗiyag ga, ba ke kinka binne nata bayan madahwa ba? An gan ki."

"Ni ce, Hajiya, kuma ko gobe anka kawo irinshi sai in binne. Garin injinku na binne. Ku tahi ku buɗe shi ku sa yatsa ku gani, in hatsi kunka taras ku zo ku tsallakar da ni."

Hajiya ta harzuƙa, ta ce wato yanzu gidansu ne ke kashe 'ya'yan mutane, har da nasu jikan. Inna ta ce ita ba ta san abin da ke kisa ba, ba likita ba ce ba malama ba, ta dai san abin da ta tauna, ta kuma san hannun da 'yarta ke ci yanzu. Aka fara hayaniya, mazan waje suna tambayar me ake ciki. Ungozoma ce ta raba. Ita ta yanke wa rabin garin cibiya, ba a tsallake maganarta. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin uwa ta ɗauki ɗan yaye ta miƙa wa mayya da hannunta ba, balle wannan da ko nono ba ta saye sai ta bincike shi. Ta ce a bar maganar yau, a zuba wa yarinyar ido, in wani abu ya same ta ga Goggo nan ba inda za ta. Sannan ta tsuguna ta gutsuri gefen gashin, inda ya ɗan ƙone, ta jefa a baki. Ba wadda ta sake taɓawa a cikinsu, amma ba wadda ta kama hannun Goggo. Suka fita ɗaya-ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya duk unguwa idonta na kan ƙanwata. In ta yi atishawa sai an leƙo. Inna kanta ba ta da sukuni, tana taɓa goshinta tana ɗaga fatar idonta, don ta san in yarinyar nan ta ko yi zazzaɓin haƙori, ta Goggo ta ƙare. Ba ta yi ba. Jikan Hajiya ya rasu, Allah ya jiƙansa, amma kafin a sake tayar da zancen motocin likitoci sun fara shiga ƙauyukan da ke kusa da mu, labarin ƙurar dutse ya iso. Aka ɗebi jinin yara, aka samu gubar a jikin kusan kowa, har ƙanwata da duk tsaron da Inna ta yi, don iska ba ta san katanga ba. Aka kwantar da su asibiti, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka kwashe. Ba wanda ya je ya ba Goggo haƙuri. A garinmu ba a yin haka, sai dai wata rana a aiko yaro ɗibar wuta a gidanki, ki gane an daina. Ba ta tsallake kowa ba har ta koma ga Allah, a ɗakinta, kuma matan unguwa har rige-rigen ɗebo ruwan wankanta suka yi.

Amma abin da ya fi zauna mini shi ne abin da ya faru a yammacin nan bayan matan sun fita. Na zaci Goggo za ta yi kuka ta gode wa Inna. Ba ta yi ba. Ta sauke ƙanwata, ta juye yashin tukunyar, ta wanke ta tas, ta wanke kwanon da farantin, ta jera su gaban Inna ɗaya bayan ɗaya kamar mai mayar da kayan aro. Fuskarta ba fara'a.

"Gari naki, tukunya taki, mangwaro naki, hatta ruwa da yashi naki. Kuma wancan da kinka ce ya yi daɗi ashe ƙasa ta ci shi. To mi kinka bar min, ɗiyag ga?"

Inna ba ta sunkuyar da kai ba. "Hannunki, Goggo. Shi sunka ce yana kisa, shi na ba ɗiyata."

Goggo ta juya tafin hannunta tana kallo, har yanzu da sauran mai a tsagar yatsun. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da sauran alkamarta da ba a kai inji ba, a ƙulle cikin tsumma, ta dire a kan tukunyar da zan ɗauka.

"Ki daka min wagga gobe," ta ce wa Inna. "Kuma ki rage mazarƙwaila, taki ta yi yawa."